Ba Kowane Dakta Ne Likita Ba: Kira Ga 'Yan'uwana Talakawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda bayani a kan wani suna da ya cika mana gari, wato sunan nan Dakta. A yau duk inda ka juya a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram sai ka ci karo da shi. Yana jikin hoton ɗan takara, yana kan katin ɗaurin aure, yana ƙofar kemis, har mai tallar maganin basir da lasifika a kasuwa shi ma Dakta ne. Mu kuwa mutanen karkara da mun ji an ce Dakta, sai mu ɗauka mai duba marasa lafiya ne, mu miƙa masa jikinmu da kuɗinmu ba tare da tambaya ba.

Ni dai ilmin bokona bai wuce firamare ba, noma da ɗan saye da sayarwa su ne sana'ata. Amma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Na daɗe ina bin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yaranmu da ke jami'a da tambaya a kan wannan al'amari, kuma abin da na tattaro shi ne nake son in raba wa jama'a, domin maganar ta shafi lafiyar 'ya'yanmu da aljihunmu.

Da farko dai ita kalmar, asalinta daga harshen Latin ne, tsohon harshen Rumawa, kuma ma'anarta malami mai koyarwa. Ashe tun fil azal sunan masu ilmi ne, daga baya ne masu magani suka yi fice da shi. A ƙasarmu yau akwai hanyoyi uku na halal da mutum zai bi a kira shi Dakta, sannan akwai ta huɗu, ta ɓarauniyar hanya.

Hanya ta farko ita ce ta bincike, wato digiri na uku, wanda muke kira digirin digirgir, 'yan boko kuma su ce PhD. Kafin mutum ya kai nan sai ya yi shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, aƙalla 4 a digiri na farko, kamar 2 a digiri na biyu, sannan ya ƙara aƙalla 3 a na uku. Idan ka haɗa lissafi za ka ga shekara 21 ke nan, ban da waɗanda yajin aikin malamai kan ci. A wannan mataki zaman aji kaɗan ne. Ɗalibi zai zaɓi matsala guda ɗaya wadda ba a riga an warware ba, a haɗa shi da babban malami mai duba aikinsa, ya yi ta bincike har ya rubuta kundi mai kauri. Bayan haka a ɗauko wani malami daga wata jami'a dabam, a zaunar da ɗalibin a yi ta yi masa tambayoyi yana kare abin da ya rubuta. Idan ya gamsar da su a ba shi, idan ya gaza a ce ya koma ya gyara.

Wannan ya yi kama da abin da muka sani a tsangaya. Ba wanda zai tashi da safe ya ce shi gwani ne don kawai ya sayi babban rawani. Sai alarammomi sun ja shi sun gwada shi, sun tabbatar da haddarsa da rubutunsa, sannan su amince. To haka abin yake a wajen 'yan boko.

Misalin irin wannan Dakta shi ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1974, da bincike a kan tarihin ƙasar Katsina. Duk Nijeriya an san shi da ilmi da faɗar gaskiya har ya rasu a 2005, amma tarihi ya karanta. Haka nan malamanmu na addini da suka yi zurfi a Jami'ar Madina ko Azhar ta Masar ko Jami'ar Bayero, idan ka ji an ce musu Dakta, to a Hadisi ne ko Fiƙihu ko Larabci. Na taɓa halartar wani ɗaurin aure inda aka gabatar da wani baƙo da sunan Dakta, kafin a watse wani dattijo ya ja shi gefe ya ɗage riga yana nuna masa inda ciki ke murɗa masa. Bawan Allah nan ya yi murmushi ya ce, “Baba, ni likitan ƙasar noma ne, idan gonarka ce ba ta da lafiya kawo ta, amma wannan sai asibiti.” Jama'a suka yi ta dariya, ni kuwa na ga mutumin kirki, don da mugu ne da ya rubuta masa wani abu ya karɓi kuɗi.

Kada wani ya ce to mene ne amfanin irin wannan Dakta gare mu manoma? Amfaninsu yana cikin rumbunmu. Duk irin shukan da ka ji sunansa ya fara da Sam, kamar gyaɗa Samnut, wake Sampea, dawa Samsorg da masara Sammaz, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru Zariya ya fito, kuma aikin irin waɗannan masu digirin digirgir ne. Su ne ke shekara da shekaru suna auratar da wannan iri da wancan har su fitar da mai nuna da wuri ko mai jure fari. A 2019 ma sun fitar da wani irin wake da tsutsar nan mai huda kwanson wake ba ta cika yi masa ɓarna ba. Sannan a sani, Farfesa ba digiri ba ne. Muƙami ne da jami'a ke ɗaga malaminta zuwa gare shi bayan ya daɗe yana koyarwa da rubuce-rubuce.

Hanya ta biyu ita ce ta likitanci, wato wanda mu muka fi sani. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a tsarin Nijeriya takardar da likita ke fitowa da ita daga jami'a, wadda suke kira MBBS, digiri na farko ce. Sana'ar ce ta ba shi sunan Dakta. Amma kada wannan ya sa a raina ta, don shekara 6 ake yi ana karatunta, ana koyon sassan jikin ɗan Adam da cututtuka da magunguna, ana kwana a asibiti. Bayan ya gama sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci domin sanin makama, sannan ya tafi bautar ƙasa. Kuma ba shi da ikon taɓa majiyyaci sai Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta yi masa rajista, ta ba shi lasisi wanda yake sabuntawa duk shekara. Likita na farko a Arewa shi ne marigayi Dakta Barau Dikko na Wusasa Zariya, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, kuma sunansa aka sa wa asibitin koyarwa na Jihar Kaduna.

Su ma likitocin hawa-hawa ne. Wanda yake son ya ƙware a fanni ɗaya, kamar tiyata ko cututtukan mata ko na yara, zai ƙara kamar shekara 5 zuwa 6 yana aiki yana cin jarrabawa, sannan ya zama babban likita, wanda za ka ji ma'aikatan asibiti na ce wa kwansaltan. Irinsu ake samu a manyan asibitoci kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi ya sa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti ake rubuta takarda a tura ka gaba. Ba wulaƙanci ba ne, kowa da iyakar abin da aka koya masa. Wani kuma yakan haɗa hanyoyin biyu, kamar marigayi Farfesa Jibril Aminu, wanda ya zama likita a Jami'ar Ibadan a 1965, sannan ya yi digiri na uku a London a 1972.

A wannan layi akwai wasu Daktocin na gaskiya da ya kamata mu rarrabe. Akwai likitan haƙori. Akwai likitan dabbobi, wanda shi ma shekaru yake yi a jami'a irin ta Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, kuma yana da tasa hukumar mai yi masa rajista. Mu masu shanun huɗa da tumaki shi ne namu, idan sammore ko ciwon hanta ya kama sa, wajensa za a nufa, amma ba a kai masa mutum. Akwai mai auna ido ya ba da tabarau, wanda shi ma a yanzu digirinsa na ɗauke da sunan Dakta, amma cire yanar ido aikin likitan tiyatar ido ne. Akwai kuma masanin haɗa magunguna, wanda a wasu jami'o'i yake shekara 6 ya fito da sunan Dakta, aikinsa sanin magani da yadda za a sha shi.

Sai kuma waɗanda ba Daktoci ba ne amma su ne gatanmu a karkara. Ina nufin nas-nas da ungozomomin asibiti, irin waɗanda ake horarwa a makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu, da ma'aikatan lafiya na karkara irin waɗanda ke fitowa daga makarantar Jahun. Su ne ke yi wa yaranmu rigakafi, su yi wa matanmu awon ciki, su gwada zazzaɓin cizon sauro. Suna da takardunsu da horonsu, kuma na ƙwarai a cikinsu idan ka ce masa Dakta zai gyara maka ya ce shi ba likita ba ne. Allah Ya saka musu da alheri.

Hanya ta uku ita ce ta girmamawa. Wannan ba a shiga aji, ba a rubuta kundi. Jami'a ce ke duba mutumin da ya yi wa al'umma wani babban aiki, ta gayyace shi ranar bikin yaye ɗalibai, ta yafa masa alkyabba ta sa masa hula. Kusan kamar sarautar gargajiya ce da Sarki ke naɗa wa mutum don yabawa. Idan an ba wanda ya cancanta, abin alfahari ne. Wa zai yi musun cancantar Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama a 1988 saboda hidimar da ya yi wa harshen Hausa da waƙa? Ko kuwa Alhaji Abubakar Imam mai Magana Jari Ce, wanda Jami'ar Ibadan ta karrama? To amma wannan digiri ba ya ba mutum damar koyarwa a jami'a, balle ya duba majiyyaci. Ku dubi Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta nan Birnin Kudu. Jami'o'i da dama sun ba shi digirin girmamawa, amma har gobe da Alhaji Aliko aka san shi.

Matsalar ita ce abin ya koma ciniki a wasu wurare. Mai kuɗi ko mai mulki sai ya yi wa makaranta alheri, ita kuma ta yafa masa alkyabba, washegari ya sa a buga masa hoto da Dakta a gaban sunansa. Abin ya yi yawa har shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a garin Keffi a 2012, suka yi yarjejeniya cewa a daina bai wa wanda ke kan kujerar mulki irin wannan digiri, kuma a taƙaita yawan waɗanda ake ba wa a shekara. A 2025 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sake ja wa jami'o'i kunne a kan haka. Saboda haka, ɗan'uwana mai ƙuri'a, idan ka ga Dakta a jikin hoton ɗan takara, ka tambaya Dakta a me, kuma daga ina? Ko da ma na gaskiya ne, digiri ba ya haƙa rijiya, ba ya kawo taki. Halin mutum da aikinsa su ne abin dubawa.

Yanzu bari in zo kan ta huɗu, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. Su ne masu naɗa wa kansu suna. Wani ya ɗan yi shara ko ɗaukar kati a asibiti, ya ga yadda ake allura, sai ya dawo ƙauye ya kama shago, ya sayi farar riga da abin sauraron ƙirji ya rataya a wuya, shi ke nan ya zama Dakta. A doka, lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, irin na ciwon kai da mura da makamantansu. Bai ba shi damar yin allura ba, ko ƙarin ruwa, ko kwantar da majiyyaci a bayan labule. Ban ce duk masu kemis ne ke haka ba, da yawansu masu tsoron Allah ne, suna tsayawa inda aka tsayar da su, kuma idan abu ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi asibiti. Da masu wuce gona da iri nake.

A wani ƙauye da nake zuwa sayen riɗi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ɗan wani abokin cinikina mai shekara 5 ya yi zazzaɓi. Aka kai shi wajen wani da kowa ke kira Dakta, ya sharɓa masa allura a ɗuwawu. Tun daga ranar yaron ya fara jan ƙafa. Da aka ga abin ba sauƙi aka kai shi babban asibiti, likitoci suka ce allurar ce ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, saboda an yi ta a inda bai kamata ba. Uban ya sayar da tumakinsa biyu da buhunan gero wajen zirga-zirgar gashin ƙafa, kuma har yanzu yaron bai taka daidai ba. Da aka bincika, shi mai allurar ko takardar makarantar lafiya ɗaya ba shi da ita. Abin takaici, magana ta mutu a zaure, aka ce ƙaddara ce, shi kuwa yana nan yana cin kasuwarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Akwai kuma masu sayen takarda. A Disambar 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri na farko daga wata jami'a a Kwatano cikin mako 6, ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Wannan ya sa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ina faɗar wannan ne domin dillalan irin waɗannan makarantu suna shigowa har karkara, suna ruɗar iyaye cewa ɗanka zai gama da wuri ba yajin aiki. Sai uba ya sayar da shanun huɗa ko ya jinginar da gona, yaro ya dawo da takardar da ba za a karɓa a ko'ina ba.

To mene ne abin yi? Ga 'yar shawarata.

Na ɗaya, kada kunya ta hana mu tambaya. Idan za ka sayi sa a kasuwar Sara, sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙori, ka zagaya shi, ka tambayi dillali daga ina aka kawo shi. Me zai sa ka miƙa ɗanka ga mai allura ba ka tambayi inda ya koya ba? Mai takardar gaskiya ba ya fushi da tambaya, wanda ya hau faɗa kuwa ka san da walakin.

Na biyu, allura da ƙarin ruwa a asibiti ake yin su, ko a hannun ma'aikacin lafiya da gwamnati ta sani. Mu daina matsa wa mai kemis cewa sai ya yi mana allura wai ita ce ke aiki da sauri. Sau da yawa mu da kanmu ne ke tura su ga ɓarna.

Na uku, duk uban da zai kai ɗansa jami'a ya nemi wani malamin sakandare mai amana ya bincika masa ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da makarantar da kuma fannin da yaron zai karanta. Alhamdu lillahi, yanzu karatu ya zo mana gida. Tun 2011 muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga na Kano nan kusa. Kuma kada mu tilasta wa kowane yaro cewa sai ya zama likita. Muna buƙatar likitan dabbobi, da masanin ƙasar noma, da malamin lissafi, da ungozoma. Musamman 'ya'yanmu mata, mu bar su su yi karatun lafiya, don kullum kukanmu shi ne ba ma son namiji ya duba matanmu, alhali mun ƙi barin mata su koya.

Na huɗu, ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su riƙa zagaya ƙauyuka suna duba lasisin masu kemis da masu ƙananan asibitoci, kuma su wadata asibitocin karkara da ma'aikata da magani, domin rashin na gaskiya a kusa shi ke sa mutane komawa ga na bogi. Ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni kada su bar baƙo ya buɗe wurin jinya a ƙasarsu sai sun ga takardarsa, kuma idan aka yi ɓarna kada a binne ta a zaure. Limamanmu su taimaka da faɗakarwa a masallatai, gidajen rediyo kuma idan za su ambaci Dakta wane, su riƙa ƙarawa da cewa a fanni kaza, ko kuwa na girmamawa ne, don mai sauraro ya san inda aka dosa.

Su kuma Daktocinmu na gaskiya, 'yan asalin wannan yanki, masu digirin digirgir da likitoci, muna alfahari da ku, amma ku riƙa waiwayen gida. Ko sau ɗaya a shekara ku zo ku zauna da manoma ku gaya mana irin da ya dace da ƙasarmu, ku shiga makarantunmu yara su gan ku su yi sha'awa. Idan talaka ya saba ganin na ƙwarai, na bogi ba zai ruɗe shi ba.

Daga ƙarshe ina roƙon duk wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka, Ya raba mu da mugun ji da mugun gani, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Gwaram,
Jihar Jigawa.